Wanda Bai Yi Ƙara Ba, Rijiya

Ku gyara zama in ba ku labarin wani gida a Tungar Marke, ƙauyen da ke bakin fadama. Mutum uku ne a gidan. Akwai Arzika, Sarkin Baka, wato shugaban maharban garin, jarumi ne amma zuciyarsa a kusa take. Akwai matarsa Kuluwa, wadda a lokacin cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Sai ƙanen Arzika, Nomau, ƙato mai gemu wanda zai iya ɗaukar buhun gero da hannu ɗaya. Kada ku ɗauki alhakinsa ku ce mahaukaci ne. Yana salla, yana noma, ba ya zagi, ba ya ɗauke-ɗauke. Illarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya sannan ka manta, to washegari can za ka same shi yana korar sauro.

Babbar dukiyar gidan ita ce bindigar da ubansu ya bari. Ba irin ta toka ba ce da ake ɗurawa ta baki, wannan harsashi take ci, mai kwanson tagulla. Harsashinta kuwa ko a birni an daina ganinsa. Saboda haka duk harbin da aka yi sai a tsinto kwanson, a wanke shi, a goge, a shanya, sannan Arzika ya sake ɗura masa albarushi da dalma. 'Yan kaɗan ne suka rage a wata jakar fata, ana tattalinsu kamar ƙwai. Kuma al'adar gidan ce tun kakanni, mace ba ta taɓa kayan harbi, bare ma ba ya taɓawa, sai jinin gidan.

A shekarar da nake faɗa muku, shinkafa ta nuna ke nan sai ga ɓauna ta sauka a fadama. Arzika ya yi mata kwanto, ya cika albarushi fiye da yadda ya saba, ya ɗirka mata. Hayaƙi ya babbake masa gira, kafaɗarsa ta kumbura, ya ce ba komai. Ɓauna dai ta ji rauni amma ba ta faɗi ba. Wanda ya san daji ya san gara ka haɗu da zaki da ka haɗu da ɓauna mai rauni. Ba a jima ba ta soke wani manomi a kan kunyarsa, aka kawo shi gida cikin tabarma. Shinkafa na zubewa a gona, ba mai iya shiga. Mai gari ya ce a aika wa maharban ƙetaren gulbi su zo a taru mata. Arzika ya ce Allah ya kiyaye.

"Ranka ya daɗe, ni na ɓata ta, ni zan gama da ita. Ni kaɗai."

Tun daga ranar Kuluwa ta daina cin abincin kirki. Kowa ya san lissafin: in bindiga ta tashi, Arzika ya dawo gida, in ta ƙi, ɗan da ke ciki ba zai san ubansa ba. Shi Arzika kullum yana daji yana bin sawu, ba shi da lokacin zama wankin kwanso. Jinin gidan kuwa ba kowa sai Nomau. Arzika ya daɗe yana kallonsa, ya yi ajiyar zuciya. To, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wata rana da hantsi Arzika ya kira shi ya ce, "Kwanson da na harbi ɓauna da shi ya faɗi a gindin giginyar bakin fadama. Je ka nemo shi. Ka kafa ido a ƙasa, kada ka ɗago kai sai ka same shi."

"To, Yaya."

Nomau ya sunkuyar da kai tun daga ƙofar gida. Ya bangaji jakin wani, ya ba shi haƙuri, ya wuce. Da ya isa giginya bai ga komai ba, sai ya ci gaba da bin ciyawa yana shiga ciki. Masu gadin gona da ke bisa itatuwa suka hango abin da shi bai hango ba: ga ɓauna tsaye cikin duhuwa, ƙudaje na bin rauninta, ga Nomau ya nufe ta sak. Suka yi ta kwarara ihu, "Nomau, ɗago kai! Nomau, ga ta nan!" Ya ji su sarai, hucinta ma yana jinsa a ƙeyarsa. Amma Yaya ya ce kada ya ɗago. Haka ya ratsa ta gabanta a duƙe, a hankali, yana tona ciyawa da yatsa. Wataƙila ɓauna ba ta taɓa ganin mutumin da bai gudu ba kuma bai kalle ta ba, ta tsaya tana nazarinsa har ya wuce. Can gaba ya tsinci kwanson, ya miƙe, ya zagayo gida ta wata hanya. Labari ya riga shi isowa. Kuluwa na zaune dirshan a tsakar gida, hannu biyu a ka.

"Kai Nomau, za ka kashe mu da ranmu! Ba ka ga ɓauna ba?"

"Ban gan ta ba. Ƙafafu dai na gani, baƙaƙe, ɗaya ba ta taka ƙasa sosai."

Arzika ya karɓi kwanson ya jefa shi a jaka.

Wata rana kuma Arzika zai fita, sai ya zazzage jakar a gaban Nomau. Kwanson duk sun yi baƙi, wasu sun yi kore-kore. Ya ce, "Tsamiya ce ke cin wannan dattin. Ka zuba su cikin ruwan tsamiya mai ɗumi, ka bar su su jiƙa." Nomau ya zagaya gida yana neman ruwan tsamiya mai ɗumi. Wuri ɗaya ya same shi, a babbar ƙwaryar kunun da Kuluwa ta dama ta rufe da faifai, don mai gari da dattawa za su zo su sake roƙon mijinta. Ya ɗanɗana, akwai tsamiya, akwai ɗumi. Ya juye su ciki ya mayar da faifai. Da azahar baƙi suka zauna a zaure, Arzika ya dawo, aka fito da kunu. Mai gari na cikin cewa rai ya fi suna, ya kai ludayi baki, sai wani abu ya bugi haƙorinsa, ƙwas. Ya tofo a tafin hannu. Harsashi a cikin abincin mai gari, a gidan maharbin da yake jayayya da shi, ai wannan ba abin dariya ba ne. Wani dattijo har ya fara laluben takalminsa. Sai ga Nomau ya leƙo.

"Ranka ya daɗe, a mayar da shi, bai gama jiƙa ba."

Da ƙyar aka fahimci abin da ya faru. Aka zubar da kunu, Arzika ya yi ta ba da haƙuri, mai gari ya tashi bai ƙarasa maganar da ta kawo shi ba. Kuluwa ta shiga ɗaki ta yi kuka, ba don kunun ba, don roƙon da ta sa rai a kansa ya wargaje.

Wata rana aka zo batun guga. A wannan karon Arzika da kansa ya jiƙa tsamiyar, ya ɗauraye, sannan ya ba Nomau toka da tsumma. Ya ce, "Goge kowanne har sai ka ga fuskarka a jikinsa." Nomau ya zauna ya ɗauki na farko. Bai jima ba tagulla ta yi fes tana walƙiya. Ya duba, sai ya ga wani mutum mai doguwar fuska kamar ta akuya, hanci har haɓa. Ya ce wannan ba shi ba ne, ya ci gaba. Ya goge, ya duba, mutumin na nan. Ya ƙaro toka, ya haɗa da yashi. Rana ta take, ta karkata, yatsunsa suka yi kanta, mai fuskar akuya bai gusa ba. Da Arzika ya dawo da la'asar ya tarar da kwanso ɗaya ya zama kamar ɓawon albasa, har rana na ratsa shi, sauran kuwa ba a ko taɓa su ba.

"Yaya, wani ne ya tare wurin, ya ƙi ya ba ni."

Arzika ya murƙushe kwanson da yatsa biyu, ya lotse. Harbi guda ke nan ya tafi, a lokacin da harbi guda zai iya zama tsakaninsa da kabari. Ya zauna ya goge sauran da kansa, yana yi yana ƙwafa. Nomau ya rakuɓe a gefe. Bai gane laifinsa ba, amma ya gane ran Yaya ya ɓaci, kuma wannan ya fi duka yi masa ciwo.

Wata rana, saura shanya. Arzika ya jera su a faifai ya ce, "Ko ɗigon ruwa ya rage a ciki albarushi ba zai kama ba, in bai kama ba kuwa na mutu. Ka sa su a rana, kada inuwa ta taɓa su." Kalmar nan ta mutuwa ta zauna wa Nomau a ƙirji. Ya ɗauki faifai ya tsaya tsakiyar gida. Kaza ta zo ya kore ta, Kuluwa ta zo wucewa ya sa ta zagaya ta bayan rumbu. Inuwar danga ta matso, ya matsa. Ana haka sai ga wani guntun girgije ya taso daga gabas, inuwarsa na rarrafowa bisa gonaki. Nomau ya dube shi, ya dubi faifai, ya ɗora a ka, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ranar kasuwa ce. Ku tuna garin da kowa ke kwana da ɓauna a rai, sai ga ƙanen Sarkin Baka ya keto a guje, ido waje, yana waiwaye yana cewa, "Ga ta nan, ta kusa cim mini!" Wa zai tsaya tambaya? In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mai nono ta bar nono, mahauci ya haye rumfarsa, rumfar ta rufta da shi, wani makaho ya riga ɗan jagoransa isa masallaci. Kuluwa ta jiyo ana ihun ɓauna ta shigo gari, ta ɗauka an riga an kashe mijinta, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, sai da maƙwabta suka yayyafa mata ruwa. Can wajen gari aka samo Nomau a kan wani tudu, faifai a sama, yana haki yana murmushi. Kwanson dai sun bushe ƙarau, inuwa ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Wata rana, ita ce ranar da Arzika ya sa zai shiga fadama da la'asar, lokacin da ɓauna ke fitowa shan ruwa. Tun da safe ya shimfiɗa buzu a ɗakinsa, ya jera kwanson a kai, ya kwance bindigar daga rataya ya shafe ta da mai ya ajiye a gefensu. Saura aiki ɗaya da ubansu ya koya musu kafin ɗuri. Ana ɗaura kwanso da zare a ɗaga, a ƙwanƙwasa shi da ƙusa. Lafiyayye zai yi ƙara siririya mai tsawo, wanda ya tsage kuwa, ko da ido bai ga tsagar ba, sai ya yi ƙwaf ya yi shiru. Irin wannan shi ke fashewa a fuskar mai harbi, don haka tsohuwar rijiyar bayan gida ake jefa shi, kada ya sake komawa jaka bisa kuskure. Arzika zai fara ke nan aka aiko mai gari na kiransa su yi sallama. Ya miƙa wa Nomau ƙusa da zare, ya yi magana dalla-dalla yadda yake ganin ba inda za a karkace.

"Duk abin da ke kan buzun nan ka ƙwanƙwasa. Wanda ya yi ƙara, bar shi. Wanda bai yi ƙara ba, rijiya. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Nomau ya yi aikin nan da natsuwar da bai taɓa yi ba. Ya ɗaga kowanne kusa da kunne, ya buga, ya saurara har ƙarar ta mutu. Duka suka yi ƙara. Ya ji daɗi ƙwarai. Sai ya duba ya ga saura abu ɗaya a kan buzu. Zare ba zai ɗauke ta ba, ya samo igiya ya rataye ta a azara, ya buga ƙarfen da ƙusa. Ƙwaf. Ya sake bugawa kusa da ƙota. Ƙwaf. Gumi ya karyo masa. Ya san bindigar ubansu ce, ya san ba wata a garin, ya san abin da Yaya zai yi masa. Ya buga ta karo na uku ko za ta tausaya masa, ba ta tausaya ba. Ya rungume ta, yana hawaye, ya zagaya bayan gida.

Da hantsi Arzika ya dawo, makaɗan maharba na biye da shi, jama'a sun cika ƙofar gida. Ya shiga ɗaki ya fito.

"Ina bindiga?"

"Ba ta yi ƙara ba, Yaya."

Kiɗa ya tsaya. Arzika ya ɗaga hannu, Nomau ya rufe ido ya miƙa wuya, bai kauce ba. Sai da mutum biyu suka riƙe hannun. Arzika ya ce, "Ka kunyata ni a gaban mai gari, ka kunyata ni a kasuwa, yau ka jefa ubanmu a rijiya. Kada in ƙara jin muryarka a gidan nan." Nomau ya kama bakinsa ya koma gindin rumbu ya zauna.

Da ƙugiya aka fiddo ta, duk laka. Dole ta sa aka keta al'adar gidan aka kai wa Bagudu maƙeri, ya kwance, ya wanke, ya busar, ya shafa mai, ya juya ta gaba da baya ya ce shi bai ga wani aibu ba. La'asar ta wuce, aka ɗaga shiga fadama zuwa washegari. Masu gona na ta tsine wa Nomau, wasu na cewa a ɗaure shi a turu. Da gari ya waye Arzika ya ɗura kwansonsa, ya cika albarushi har ya fi na wancan karon, don ya ce ba zai ba ta damar tashi ba. Zai saɓa bindiga sai Bagudu ya dafa ta.

"Sarkin Baka, ka fi ni sani. Bindigar da ta sha ruwa ba a kai ta kafaɗa sai igiya ta fara harba ta."

"Harsashi nawa gare ni da zan ɓarnatar da ɗaya a iska?"

Kuluwa ta fito har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza, ta durƙusa da tsohon cikinta. "Maigida, don girman Allah. Ko ba don ni ba."

Arzika ya yi tsaki, amma ya yarda. Aka tafi bayan gari, aka ɗaure bindiga a jikin wani marke, bakinta na kallon daji, aka ƙulla doguwar igiya a kunamarta. Jama'a suka ja da baya suka laɓe. Nomau na can ƙarshe shi kaɗai, ba wanda ya yarda ya tsaya kusa da shi. Arzika ya naɗe igiyar a hannu, ya yi bisimilla, ya fizga.

Ƙarar ba ta harbi ba ce. Tsuntsaye suka watse daga itatuwa, hayaƙi ya turnuƙe gindin marke. Da ya lafa aka matso a hankali. Ƙarfen ya dare daga gindi kamar an fasa rake, ƙota ta yi kaca-kaca. Wani ɓallin ƙarfe mai faɗin yatsa biyu ya nutse a jikin itacen, daidai inda kuncin mai harbi yake zama. Bagudu ya tsuguna ya duba bakin tsagar, ya nuna da farce. Rabinta sabuwa ce tana ƙyalli, rabinta kuwa ta yi baƙi da tsohon hayaƙi. Ya ce, "Wannan ba ruwa ba ne. Tun harbin da aka yi wa ɓauna ta tsage ta ciki." Arzika ya kai hannu ya shafa girarsa da ta babbake. Sai ya zauna a ƙasa a gaban kowa.

Sannan ya dubi mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, a aika wa mutanen ƙetaren gulbi." Su ne kuwa suka zo da yawansu suka yi wa ɓauna ƙawanya, ta ɓangaren ƙafar da ba ta taka ƙasa sosai, aka samu aka yanke shinkafa. Amma wannan daga baya ne.

A ranar dai, Arzika ya waiga yana neman ƙanensa, bai gan shi cikin mutane ba. Can ya hango shi a duƙe cikin ciyawa, ido a ƙasa, yana tonawa da yatsa. An yi harbi, kuma duk harbin da aka yi sai a tsinto kwanson. Ya same shi, ya kawo, kwanson ya tsage har gindi ya yi baƙi ƙirin. Ya tsaya gaban yayansa ya zaro ƙusa daga aljihu ya buga. Ƙwaf. Ya nuna wajen rijiya da haɓa.

Arzika ya ce, "Nomau, me ka ji jiya da ka buga bindigar?"

Nomau ya nuna bakinsa, ya girgiza kai. Sai a sannan Arzika ya tuna abin da ya faɗa. Idonsa ya ciko, maharbin da ba a taɓa ganin hawayensa ba.

"Yi magana, ɗan'uwana. Na janye."

"Ban ji komai ba, Yaya, shi ya sa. Wannan ma bai yi ƙara ba. In kai shi?"

Arzika ya karɓi kwanson ya damƙe a tafin hannunsa, ya kama hannun Nomau da ɗayan, ya miƙe da taimakonsa.

"Wannan bar mini shi. In Kuluwa ta sauka lafiya, yaron ya yi wayo, ina so in nuna masa dalilin da ya sa yake da uba."